Farfaɗiya Ba Abin Gudu Ba Ce

Ran nan da na je hutu ƙasarmu Kabo, na ga wani yaro ya faɗi a bakin kasuwa yana shure-shure, kumfa na fita bakinsa. Jama'a suka watse, wai kada yawunsa ya taɓa su. Da na bincika, sai aka ce tuni an hana shi zuwa makaranta sabo da wannan ciwo. Abin ya tsaya mini a rai ƙwarai.

To, bari mu duba yadda Allah ya shirya jikin ɗan Adam. Ƙwaƙwalwa ita ce sarki. Lakar da ke cikin ƙashin baya ita ce hakimi. Jijiyoyin saƙo kuwa, waɗanda dabam su ke da na jini, su ne jakadu: tagwaye 12 daga ƙwaƙwalwa, tagwaye 31 daga laka. Waɗansu na kai labarin zafi da sanyi da ciwo, waɗansu na komowa da umurni ga tsoka. Kamar dai yadda takarda kan fito daga Kano, ta iso Kabo, ta sauka ga dagatai. In ka taka garwashi, laka kan janye ƙafarka tun labari bai kai fada ba, yadda hakimi kan kashe ƙaramar magana nan take.

Saƙon nan kuwa da 'yar wutar lantarki ya ke tafiya. Wani likitan Jamus, Hans Berger, ya fara auna ta a kan mutum a 1924. Farfaɗiya ita ce wutar ta rikice na ɗan lokaci, umurni barkatai ya yi ta kwarara ga gaɓoɓi. Sanƙarau kan jawo ta, haka zazzaɓin sauro in ya hau kai, da wahalar haihuwa, da buguwar kai. Ba a ɗaukarta ta yawu, ko ta taɓawa. Tun 1912 a ke da ƙwayar da ke tsai da ita, kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce har bakwai cikin goma na iya daina faɗuwa in sun dimanci magani.

Wani ya ce, ai addu'a ta isa. Lalle ba mu raina addu'a ba, amma wanda ya saukar da cuta shi ya saukar da magani, sai a gama biyun.

Mu da za mu riƙe aji gobe, nauyin a wuyanmu ya ke. In yaro ya faɗi, a kawar da shi daga wuta da ruwa, a kwantar da shi ta gefe, kada a cusa masa cokali ko wani abu a baki. In ya wuce minti 5, sai asibiti. In ya farfaɗo, a mai da shi kan bencinsa. Malam in ya gudu, almajirai ma gudu za su yi.

Allah ya ba mu ikon aikatawa, amin.