SHARHI: Shirin Dune: Prophecy zai dawo, amma a Kura da Bunkure rikicin ruwa ba almara ba ne

Tun a watan Disambar 2024 kafar talabijin ta HBO da ke Amurka ta sanar da cewa za a yi zango na biyu na shirin Dune: Prophecy, wanda zangonsa na farko mai kashi shida ya fara fita ranar 17 ga Nuwamban shekarar. Shirin reshe ne na labarin Dune, littafin da Frank Herbert ya wallafa a 1965, kuma ya koma baya ne shekara dubu goma kafin haihuwar Paul Atreides, jarumin fina-finan da Denis Villeneuve ya ba da umarni a 2021 da 2024. Masu kallon fina-finan Indiya a ƙasar Hausa sun ga fuskar da suka sani a ciki, wato jaruma Tabu, kamar yadda ɗan Nijeriya Babs Olusanmokun ya fito a fim ɗin 2021.

Zangon farko ya ƙare ne da saukar Valya Harkonnen a duniyar Arrakis, hamadar da ba a ruwan sama a cikinta. A can ne kaɗai ake samun sinadarin da dauloli ke yaƙi a kansa, amma mazauna wurin, Fremen, ruwa ne dukiyarsu. Suna sa tufafin da ke tace zufar jikinsu su mayar da ita abin sha, har gawar mamaci sukan tatse ruwanta domin amfanin dangi. Tambayar da labarin ke ɗauke da ita ita ce: wa ke riƙe da makullin ruwa, kuma wa ke biyan kuɗin arzikin da ake kwasa?

Matashin da zai karɓi wannan shiri a wayarsa daga shagon masu tura fina-finai a Kura ba ya bukatar a yi masa fassarar wannan tambaya. Ya gaje ta.

An kammala madatsar ruwa ta Tiga a kan Kogin Kano a 1974, zamanin Gwamna Audu Bako, daidai lokacin da farin farkon shekarun 1970 ya ɗaiɗaita yankin Sahel. Daga Tiga ne babbar hanyar ruwa ke gangarowa ta shayar da Shirin Noman Rani na Kogin Kano, wanda ya ratsa ƙananan hukumomin Bunkure da Kura da Garun Malam. An tsara zangon farko kan kusan hekta 22,000, ƙarƙashin Hukumar Raya Kogunan Haɗeja da Jama'are da aka kafa a 1976. Wannan ruwa ne ya mayar da yankin cibiyar shinkafa da tumatur da alkama da albasa, ya kuma tsayar da matasa da yawa daga tafiya cin rani.

Sai dai ruwan da aka tare a sama, wani aka hana a ƙasa. Kogin Kano da na Chalawa, wanda shi ma aka datse shi a 1992, su ne ke haɗuwa su zama Kogin Haɗeja, mai ciyar da fadamun Haɗeja da Nguru kafin ya nufi Tafkin Chadi ta Komadugu Yobe. Raguwar ambaliyar damina ta taɓa masunta da makiyaya da manoman fadama a Jigawa da Yobe, ruwan da ake saki duk shekara kuma ya ba ciyawar kachala damar toshe hanyoyin ruwa. A wani nazari da Edward Barbier da Julian Thompson suka wallafa a 1998, sun nuna cewa ribar manyan ayyukan noman rani na sama ba ta kai asarar da fadamun ƙasa ke yi ba. Ko a cikin shirin kansa akwai na sama da na ƙasa: mai gona a bakin babbar hanyar ruwa yana sha ya ƙoshi, wanda ke ƙarshen layi yana jiran saura.

Haka nan batun wanda ke cin moriyar amfanin. A 2016 aka buɗe masana'antar tumatur ta Dangote a Kadawa, mai ƙarfin sarrafa tan 1,200 a rana. A wannan shekarar ce tsutsar Tuta absoluta, wadda manoma ke kira sharon, ta cinye gonakin tumatur na Arewa, masana'antar ta tsaya, ba ta koma aiki ba sai 2019. A kakar da tumatur ya yi yawa kuwa, farashin kwando kan faɗi, manomi ya shanya abin da ya rage a gefen titin Zariya. Bankin Duniya ya amince da shirin TRIMING a 2014, na kusan dala miliyan 495, domin gyara hanyoyin ruwa a wannan yanki da wasu wurare irin su Bakolori, tare da miƙa kula da ƙananan magudanai ga ƙungiyoyin masu amfani da ruwa. Kuɗin rance ne, kuma matasan yau ne za su biya shi.

Abin lura shi ne, duk wannan labari yana kwance kusa da garin da ke da masana'antar fim mafi girma a Arewa, amma da wuya Kannywood ta taɓa shi. Ba don harshen Hausa ya kasa ɗaukar almarar kimiyya ba ne: tun 1969 Umaru Dembo ya rubuta Tauraruwa Mai Wutsiya, inda ya kai yaro Bahaushe sararin samaniya. A Kudu kuma, kamfanin Kugali ya haɗa hannu da Disney suka fitar da Iwájú a 2024, labarin Legas ta gaba da tazarar da ke tsakanin mai shi da maras shi.

Dalilan Kano sanannu ne. Irin wannan fim yana cin kuɗi da kayan aiki, alƙaryar fina-finan da gwamnatin tarayya ta shirya ginawa a Kofa ta ƙaramar hukumar Bebeji kuma an soke ta a 2016 bayan adawar malamai. A watan Mayun 2025 Hukumar Tace Fina-finai ta Jihar Kano ta dakatar da shirye-shirye 22 masu dogon zango, ciki har da Labarina da Daɗin Kowa, bisa cewa ba a kai su tantancewa ba. Mai zuba jarin da ke ganin haka zai zaɓi labarin soyayya da rikicin gado, inda ya san hanyar dawowar kuɗinsa.

Asarar ta wuce ta nishaɗi. Al'ummar da ba ta saba hasashen yadda za ta kasance bayan shekara talatin ba, ba ta cika tambayar 'yan takara game da shi ba. Ƙudurin dokar albarkatun ruwa na ƙasa ya sha zuwa majalisa yana faɗuwa tun 2018, mahawarar kuma ta fi karkata ga zargin ƙabilanci fiye da batun rabon ruwa. Ɓallewar madatsar Alau a Satumban 2024, wadda ta nutsar da sassan Maiduguri, ta nuna abin da sakaci da tsohuwar madatsa ke jawowa. Tiga ta haura shekara 50.

Kafin zaɓen 2027, matasan Kura da Bunkure na da tambayoyin da suka fi na Arrakis kusa: nawa ake warewa don kula da Tiga, wa ke yanke ranar buɗe ruwa da rufe shi, kuma ina kuɗin ruwan da manoma ke biya yake tafiya. Hukumar raya kogunan da 'yan majalisar yankin ne ya kamata su amsa, kuma dokar 'yancin samun bayanai ta 2011 ta ba kowane ɗan ƙasa damar tambaya a rubuce.