Asibitin Da Aka Sayar

'Yan'uwa manoma, a shekarar 1905 sistocin Katolika suka buɗe asibitin St. Francis a Blue Island, wani gari a gefen birnin Shikago ta Amurka. Ya yi wa jama'a hidima fiye da shekara 100. A 2008 kuɗi suka gaza, aka sayar wa 'yan kasuwa, suka sa masa suna MetroSouth. Da riba ta ƙi samuwa, sai aka rufe shi a 2019.

Asibiti ba kanti ba ne. In garinku yana da ɗakin shan magani, ku riƙe shi da gudummawarku, ku riƙa duba littafin kuɗinsa, kada ya fita hannunku. Zanen aro ba ya rufe katara.