Kada Daren Jajibiri Ya Cinye Aikin Wata Guda

Duk wanda ya zagaya baje kolin kimiyya da fasaha na zangon da ya wuce ya ga abin da muka gani. A wani tebur akwai samfurin duniyoyin da ke kewaya rana, amma uku daga cikinsu sun lotse kamar ɓera ya gwaguye su. Kusa da shi ga wani gidan kwali da aka ƙera da kyau, sai dai fenti ya zubo masa a bango, kuma duk wanda ya taɓa shi sai ya tafi da shuɗi a yatsa. Masu waɗannan ayyuka ba ragwaye ba ne. Sun yi kusan wata guda suna awo, suna yanka, suna liƙi. Abin da ya kayar da su shi ne barin fenti sai daren jajibiri.

Mu a ƙungiyar 'yan jarida muna ganin fenti wani ɓangare ne na aikin, kuma yana buƙatar kwanakinsa. Ku lura da mai fentin mota a gareji. Yakan yi kwanaki yana cike lotsawa, yana gogewa, yana wankewa, feshin kansa kuwa bai fi ɗan lokaci ba. Ya san fenti ba ya ɓoye aibi, ƙara fito da shi yake yi.

Saboda haka a fara da jikin samfurin. Katako a goge shi da sanfefa mai kaushi, kamar lamba 120, sannan a bi da mai laushi, kamar lamba 220, a share ƙurar da ƙyalle. Yumɓu a bar shi ya bushe har ciki, in ba haka ba fentin zai ɓare. Kwali shan fenti yake yi, don haka a fara shafa masa farin gam irin na kafintoci da aka sirka da ɗan ruwa. Farin soson nan mara nauyi da ake samu a kwalin talabijin shi ya fi haɗari, domin sinadarin da ke cikin yawancin fentin gwangwani narkar da shi yake yi. Abin da ya cinye waɗancan duniyoyi ke nan. Maganinsa a shafa masa gam sau biyu ko uku, kowace shafa ta bushe, ko kuma a yi amfani da fentin ruwa da buroshi. A kowane hali, a fara gwadawa a kan guntun da ya rage.

In an zo feshi, a girgiza gwangwanin kamar minti biyu, a riƙe shi nesa da aikin da santimita 20 zuwa 30. Hannu ya riƙa tafiya daga gefe zuwa gefe, kada ya tsaya wuri ɗaya. Shafa uku marasa kauri, da hutun kamar minti 15 a tsakani, sun fi shafa ɗaya mai kauri wadda za ta zubo. Inda ba a son launi ya taɓa a rufe da takarda da salatef. A lokacin hunturu a kifa babban kwali a kan aikin, don ƙura tana manne wa ɗanyen fenti.

Akwai kuma batun lafiya. Mun san wasu a ɗakin kwana suka yi feshinsu, tagogi a rufe, don kada a gan su. Wannan tururi yana sa ciwon kai da jiri, yana iya tayar wa mai asma ciwonsa, kuma yana kama wuta. A yi feshi a fili, nesa da kyandir da murhu, da takunkumi a hanci. Gwangwanin da ya ƙare kada a jefa shi inda ake ƙona shara, fashewa yake yi.

Wani zai ce ai ilimi ake aunawa, ba ƙyalli ba. Mun yarda, kuma ba ma son a fifita mai kuɗin sayen gwangwani biyar a kan wanda ya yi da fentin ruwa. Amma samfurin zuciya da jan launinsa ya malale cikin shuɗi ya daina koyar da komai.

Roƙonmu ga malamanmu guda uku ne. A sa ranar kammala ƙira kwana uku kafin baje koli. A ware mana wuri a fili, da malami ɗaya da zai sa ido. A kuma bar ƙungiyoyi su haɗa kuɗi su sayi fenti tare. Mu kuma ɗalibai, mu duba kalanda tun yau, mu ware wa fenti kwanakinsa.