Kumburin jijiyoyin ido: a fara da gwaji kafin magani

Mazaunin Tudun Fulani a Minna da ganinsa ya dushe, ko yake ganin baƙaƙen ɗigo suna yawo ba tare da jin ciwo ba, kemis ya fi kusa da shi. Amma maganin ɗigawa ba ya kaiwa jijiyoyin jinin tantanin bayan ido, inda kumburin yake. Wani lokaci tarin fuka ko tunjere ne sanadi, kuma sitiroyid kaɗai yana iya rura su. Sai an ɗauki hoton jijiyoyin bayan allurar rini, an gwada jini, an duba ƙirji. Tun da dokar 2022 ta wajabta inshorar lafiya, wajibi ne hukumar NHIA ta tabbatar tana biyan waɗannan gwaje-gwaje, har da tura majinyaci Cibiyar Ido ta Ƙasa da ke Kaduna.