Ɗanyar masara ba ta jiran ciniki

Jama'a, da zarar damina ta yi nisa, duk wanda ya bi hanyar Maraɗi zuwa Ɗan Isa da Jibiya zai ga ɗanyar masara jibge a bakin titi, mata na gasawa, yara na tallar dafaffiya. Abin da ba kowa ke gani ba shi ne asarar da ke biyo baya. Masarar da aka karya da safe, in ta kwana biyu cikin buhu a zafi, zaƙinta ya tafi, domin sukarin da ke cikin tsabar yana rikiɗewa ya zama gari. Daga nan sai kuɗinta ya faɗi.

Kwanakin baya wani matashi ɗan kasuwa ya kira mu a gidan rediyo, ya ce mafita ita ce mu yi yadda manoman Amurka ke yi, wato mu daskarar da ita. Gaskiya ne suna yin haka. Suna da wani irin masara mai zaƙi da ake karya wajen mako 3 bayan ta fitar da gemu, lokacin da in ka soka farce a tsaba sai ruwa fari kamar madara ya fito. Ranar nan iyalin gida duka ke taruwa: a ɓare, a tsoma ta a tafasasshen ruwa kamar minti 4, a sheƙa ta cikin ruwan ƙanƙara, a yanke tsabar daga totuwa, a ɗaure a leda, a sa a firigo mai sanyin digiri 18 ƙasa da sifili. Ta haka sai ta yi watanni ba ta lalace ba.

Amma fa sai da ruwan ciki ake jan na rijiya. Wannan dabara ta dogara ne kacokan ga wutar da ba ta ɗaukewa. Mu kuwa ba mu manta da watan Agustan 2023 ba, lokacin da Nijeriya ta yanke wa Nijar lantarki bayan juyin mulki, ba a maido ba sai a Maris na 2024. Masu kifi da masu ƙanƙara sun san abin da suka gani. Abincin da ya narke aka sake daskarar da shi kuwa, haɗari ne ga cikin mai saye.

Don haka ra'ayina shi ne kada ɗan kasuwa ya zuba jarinsa a firigo kafin ya tabbatar da wuta. In ƙungiyar 'yan kasuwa za ta haɗa kuɗi ta kafa ɗakin sanyi mai aiki da hasken rana, madalla. Kafin nan akwai abin da ke hannunmu. A karya masara da asuba, a bar ta cikin ɓawonta a inuwa, a yi ciniki da manomi tun kafin ya karya. Manoma kuma su rarraba shuka, kada kowa ya kawo kasuwa mako guda.

Wadda ba a sayar ɗanya ba, a bar ta ta ƙosa, a shanya ta a kan tabarma ko tamfol, ba a ƙasa ba. Masarar da aka tara da danshi tana yin fumfuna mai dafin da ake kira aflatoksin, wanda ke jawo ciwon dajin hanta. In ta bushe ƙarau, a zuba ta a buhun PICS mai ruɓi uku, wanda jami'ar Purdue ta Amurka ta fara yaɗawa a ƙasashenmu a 2007 don ajiyar wake. Iska ba ta shiga, ƙwari na mutuwa ba tare da magani ba.

Alhazai, a daina jan ciniki har la'asar don manomi ya gaji ya sayar da arha. In ya karye bana, baɗi wa zai kawo muku kaya? Allah ya ba mu damina mai albarka.