Karakara: Kuɗi sun koma cikin waya, amma wa ke riƙe da lambar sirrin makaho?

Tun bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023, zirga-zirga ta sauya a yankin Gaya na jihar Dosso. An sake buɗe iyakar Nijar da Najeriya a watan Maris na 2024, amma aka bar gadar Gaya zuwa Malanville a rufe, jama'a suka koma tsallaka kogi da kwale-kwale. Idan tafiya ta yi wuya haka, aika kuɗi ta waya ko ta kamfanoni irin su Nita da Amana shi ne mafita ga garuruwa kamar Karakara, da ke arewa da Gaya kusa da iyakar jihar Kebbi, inda gidaje da yawa ke jiran saƙon 'yan cirani.

Sai dai wannan sauƙi bai kai ga kowa ba. Ƙidayar jama'a ta 2012 ta nuna kashi 4.2 cikin ɗari na 'yan Nijar na da wata naƙasa, Hukumar Lafiya ta Duniya kuwa ta ƙiyasta kashi 16 cikin ɗari a duniya baki ɗaya. Ko da ƙaramin adadin aka ɗauka, ana maganar dubban ɗaruruwan mutane ne, mafi yawansu a karkara.

Matsalar tana cikin yadda aka tsara hidimar. Mai son duba asusunsa na Airtel Money ko Moov Money a ƙaramar waya sai ya latsa lambobi, ya karanta jerin zaɓi, ya amsa kafin layin ya katse. Makaho ba shi da hanyar yin haka shi kaɗai. Dole ya miƙa wayar da lambar sirrinsa ga ɗan jagora ko mai shagon caji, ya kuma yarda da adadin da aka faɗa masa. Kuɗin nasa ne, amma sirrin ya fita daga hannunsa.

Manyan wayoyi na da manhajar da ke karanta rubutu da murya, TalkBack a Android da VoiceOver a iPhone. Amma wayar na da tsada, tana cin caji, kuma abin da za ta karanto galibi da Faransanci aka rubuta shi. Kurame kuwa akasin haka suke fuskanta: sanarwar hukuma ta rediyo take zuwa, ƙorafi ta kiran waya ake kai shi, labarin gari ma saƙon murya ne a WhatsApp. Wanda kuturta ta ci yatsunsa yakan tsaya cirko-cirko a duk inda na'ura ta nemi zanen yatsa.

Ba rashin doka ba ne ya jawo haka. Nijar ta amince da yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya kan haƙƙin naƙasassu a 2008, kuma sashe na 9 ya ambaci fasahar sadarwa da intanet ƙarara. A watan Disamban 2019 aka kafa doka mai lamba 2019-62 kan shigar da naƙasassu cikin harkokin al'umma. A 2020 Bankin Duniya ya amince da dala miliyan 100 don shirin kai layin waya da hidimar kuɗi ƙauyuka, wanda aka ɗora wa hukumar ANSI jagorancinsa. Sai dai kafa eriya abu ɗaya ne, iya amfani da abin da ta kawo wani abu ne daban. Makarantun da suka yi suna wajen koyar da makafi da kurame, irin su Soli Abdourahamane da Hassane Bana Ba, a Yamai suke, nesa da yaron Karakara.

Akwai matakan da ba sa buƙatar kuɗi masu yawa. Hukumar ARCEP, mai sa ido kan kamfanonin sadarwa, na iya wajabta musu layin kyauta da zai faɗa wa mutum ragowar kuɗinsa da murya, cikin Hausa da Zabarmanci da Fulatanci, tare da ƙara lokacin amsawa. Kundin da aka ƙaddamar a watan Maris na 2025 ya ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa, don haka hujjar tsayawa kan Faransanci kaɗai ta yi rauni. Sanarwar da aka karanta a rediyo na iya fita a rubuce da kuma bidiyon maganar hannu. Wuraren rajista kuma su tanadi wata hanyar tantancewa idan yatsa ya ƙi.

Irin wannan gyara ba naƙasassu kaɗai zai amfana ba. Fiye da rabin manya a Nijar ba sa karatun boko, kuma layin muryar da aka yi don makaho shi ne zai taimaki tsohuwar da ɗanta ya aiko mata da kuɗin cefane daga Kwatano.

Abin da ya rage shi ne wa za a zauna da shi kafin a tsara. Tarayyar ƙungiyoyin naƙasassu ta ƙasa, FNPH, tana nan, ga kuma sarakunan makafi da na guragu da suka san mutanensu gida-gida. Muddin ba a sa su a gaba ba, yawan hidimomin da ke komawa cikin waya zai ƙara yawan mutanen da sai da izinin wani za su taɓa abin da yake nasu.