Waiwaye: Lafiyar Kare da Kyanwa, Lafiyar Gida

A ranar 6 ga Yulin 1885 wata uwa daga yankin Alsas ta isa birnin Paris da ɗanta Joseph Meister mai shekara 9, wanda mahaukacin kare ya yi wa kaca-kaca da cizo. A wancan zamani, wanda haukan kare ya kama sai dai a jira ajali. Masanin kimiyya Louis Pasteur ya amince a gwada wa yaron allurar da yake jarrabawa a kan karnuka. Aka yi masa allurai 13, ya rayu. Don tunawa da Pasteur ne ake Ranar Yaƙi da Haukan Kare ta Duniya kowace 28 ga Satumba, ranar da ya rasu a 1895.

Abin takaici, shekaru fiye da ɗari bayan haka, Hukumar Lafiya ta Duniya na ƙiyasta cewa cutar tana hallaka mutum wajen 59,000 duk shekara, akasarinsu a Afirka da Asiya, kuma yara 'yan ƙasa da shekara 15 sun kai kashi 40 cikin ɗari na waɗanda abin ke shafa. Kusan duka daga cizon kare ne.

Ƙasar Meziko ta nuna mafita. A 1990 mutum 60 ne suka kamu ta hanyar kare. Gwamnati ta duƙufa yi wa karnuka allura kyauta, shekara bayan shekara, kuma zuwa 2006 ba a samu ko mutum ɗaya ba. A 2019 Hukumar Lafiya ta Duniya ta tabbatar mata da wannan nasara. Masana sun nuna cewa in aka yi wa kashi 70 cikin ɗari na karnukan yanki rigakafi, cutar ba ta samun hanyar yaɗuwa. Ashe kiyaye lafiyar ɗan Adam daga jikin dabbar gidansa yake farawa.

Mu ma ba baƙi ba ne ga wannan aiki. Tun 1924 aka kafa cibiyar binciken lafiyar dabbobi a Vom, Jihar Filato, wadda ke haɗa allurar haukan kare. Kuma kare ya daɗe tare da mu: na mafarauci, na makiyayi, na gadi. Kyanwa kuwa ita ce ke tsare rumbu daga ɓera. Sai dai sau da yawa muna cin moriyarsu, lafiyarsu kuma mu bar wa Allah, alhali kowane lokaci na shekara da irin haɗarin da yake zuwa da shi.

Damina ce lokacin kaska da ƙuma. Kaskar kare na zuba dubban ƙwai a tsagar bango, tana kuma sa masa cutar jini: zazzaɓi, rama, dasashi ya yi fari. Ƙuma na ɗauke da tsutsar ciki, wadda kyanwa ke haɗiyewa wajen lasar jiki. A danshin ƙasa ne kuma ƙwan tsutsar da ke cikin kashin kare ke ƙyanƙyashewa, ta shiga fatar yaron da ke wasa ba takalmi. Akwai wani ƙuda mai yin ƙwai a yashin da fitsari ya jiƙa, tsutsarsa ta huda fatar kwikwiyo ta zama kamar maruru. In an shafa man basilin a bakin ramin, sai ta rasa iska ta leƙo a cire ta.

Da rani, lokacin farauta, karnuka na shiga daji su yi faɗa da namun dawa da karnukan wasu garuruwa, don haka kafin a buga gangar fita ya kamata a tabbatar an yi musu allura. Da bazara kuwa zafi ne abokin gaba. Kare ba ya gumi irin namu, da haki yake sanyaya jiki, saboda haka ɗaure shi a rana ba ruwa zalunci ne da kan kai shi ga mutuwa.

A guji maganin gargajiyar bakin titi. Baƙin mai da maganin feshin gona da wasu ke shafa wa kare mai ƙazuwa guba ne. Wasu magungunan kaskar kare suna kashe kyanwa, haka ma farasitamol, ko ƙwaya ɗaya.

Ba a fafe gora ranar tafiya. A yi wa kwikwiyo da ɗan kyanwa allurar haukan kare suna wata 3, a maimaita duk shekara. A ba manya maganin tsutsa duk wata 3, a fara maganin kaska kafin ruwan farko, a riƙa kwashe kashinsu daga tsakar gida. In kare ya ciji mutum ko kyanwa ta yakushe shi, a wanke wurin da sabulu da ruwa mai gudu na minti 15, a tafi asibiti a ranar, domin da zarar alamomi sun bayyana babu magani.

Duk wanda ya ajiye dabba ya ɗauki amana. Masu unguwanni da sarakunan farauta za su iya tsayar da rana guda a shekara, a gayyato likitan dabbobi, kowa ya kawo nasa. Kuɗin allurar kare ɗaya bai kai kusa da kuɗin jinyar yaro ɗaya da aka ciza ba.